Filin da aka bar wa unguwa: ciyawa, garka, ko inuwa?

A sababbin unguwannin da ke ta miƙewa a bakin Damagaram, ta hanyar Tanut ne, ta Magarya ne ko ta Miriya, idan aka yanka filaye akan bar wani a tsakiya wanda ba a sayar wa kowa ba. A takardar lotisma, wato taswirar yankan filayen, sunansa wurin shan iska na jama'a. A ƙasa kuwa rairayi ne da tumfafiya da baƙar leda, sai awaki masu kai da kawowa. Da gidaje sun kewaye shi, maganar takan taso a ƙofar masallaci bayan la'asar: me za a yi da filin nan kafin ya zama juji, ko a wayi gari a ga an sauke yashi da bulo a kusurwarsa?

Amsa uku aka fi ji. Matasa da waɗanda suka yi zaman Yamai ko Kano suna son lambu irin na birni, mai ciyawa kore shar da furanni da lilon yara, a shiga da kuɗi. Mata da masu lissafin cefane sun fi son garka, a samu salati da zogale kusa da gida. Dattawa kuma cewa suke a dasa itatuwa a samu inuwa, shi ke nan. Kowa da hujjarsa, amma a garin nan ruwa ne ke raba gardama irin wannan. Ni ina bayan dattawa, saboda lissafin da zan kawo. Sai dai akwai filin da garka ta fi dacewa da shi, akwai ma wanda ciyawar za ta iya rayuwa a kansa idan an cika wasu sharuɗɗa.

Damagaram a kan dutse take zaune. Manyan duwatsun da ake gani a Birni, tsohuwar unguwar garin, da kewaye kan abin da ke shimfiɗe ƙarƙashin garin ne, kuma irin dutsen nan ba ya riƙe ruwa sai a tsagoginsa. Ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da suka sa Turawan Faransa suka ɗauke babban birnin ƙasa daga nan suka mai da shi Yamai a 1926. Har yau ruwan famfonmu daga nesa ake turo shi, daga rijiyoyin Gogo da Mashaya, da Arunguza, da Ganaram. Ruwan sama kuma, a shekara mai matsakaiciyar damina, wajen milimita 400 ne, kusan duka tsakanin Yuni da Satumba. Wata takwas ke nan ƙasa ba ta ganin ɗigo, ciki har da Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kuma jarkoki ke jere a bakin famfo tun kafin kiran assalatu.

Saboda haka kafin a ɗaga murya a taro, a sa samari biyu su haƙa rami a wurare uku ko huɗu cikin filin, kowanne zurfin mita ɗaya da rabi. Idan diga ta ci karo da dutse tun bai kai gwiwa ba, rabin shawarwarin da ake kawowa sun faɗi. Idan rairayi ne mai zurfi, ko jigawa a sama laka a ƙasa, to an samu fili mai albarka. Aikin yini ɗaya ne, amma sau da yawa ba a yin sa sai bayan an kashe kuɗi.

Lambun ciyawa da furanni

Ba na raina shi. Garin da ya kai girman namu ya cancanci wurin da magidanci zai kai iyalinsa ranar salla, yara su hau lilo, ƴanmata su ɗauki hoto, mai sayar da ƙanƙara da mai tsire su samu ciniki. Shi ne kaɗai cikin ukun da zai iya shigo da kuɗi kullum daga ƙofa, kuma shi ne ke nuna kansa da wuri: wata biyu bayan shuka ciyawa ta rufe, kowa ya gani ya yaba.

To amma ga lissafinsa. A ɗauki fili mai mita 50 tsawo, 50 faɗi, wato murabba'in mita 2,500. A ce rabinsa kaɗai za a yi wa ciyawa. Da bazara, ciyawa a ƙasarmu tana shan abin da ya kai lita 7 a kowane murabba'in mita kowace rana, in ba haka ba ta ƙone. Lita 8,750 ke nan a yini. Idan da jarka mai lita 25 za a kawo, jarka 350. Ba sau ɗaya ba, kullum, har ranar da ruwan farko zai sauka, sannan a sake ɗauka bayan damina. Lambun ciyawa kamar doki ne: sayensa ba shi ne nauyin ba, harawar kowace safiya ce ke gwada mai shi.

Wani zai ce a haƙa rijiyar burtsatse a sa mata hasken rana. Madalla, idan ta ba da ruwa. A ƙasa mai dutse irin tamu sai an dace da tsaga, kuma ana iya biyan kuɗin haƙa a tashi da rami busasshe ko da ruwan da bai fi cika ƴan tanoni a yini ba. Sannan ko an dace, a yi tunanin ranar da famfon unguwa ya ɗauke, mata da yara suna jere da jarkoki a bayan shinge suna kallon ana fesa wa ciyawa ruwa. Ba kwamitin da zai iya riƙe ƙofarsa a rufe a ranar, kuma bai kamata ya riƙe ba. Rijiyar za ta koma ta sha, ciyawar ta bushe, a ce kwamiti ya ci kuɗi.

Akwai kuma maganar ƙofa. Ko dala ashirin aka sa kuɗin shiga, mai ƴaƴa shida zai lissafa, tsohon da ke neman wurin zama da hantsi ba zai biya kullum ba, almajiri kuwa sai leƙe. Filin da aka bar wa kowa ya koma na mai canji a aljihu. Ga albashin mai gadi, da mai ban ruwa, da gyaran lilo, wanda ƙarfensa ma ba ya taɓuwa da rana tsaka idan babu itace a kansa.

Inda nake ganin zai yiwu: fili a bakin babbar hanya, inda ƴan wasu unguwanni za su riƙa zuwa, ɗan kasuwa guda ya ɗauki nauyin a kan yarjejeniya rubutacciya mai wa'adi, da sanin ma'aikatar magajin gari, ruwansa nasa, an auna an ga yana kai wa bazara, ciyawar kuma ƴar kaɗan, gwargwadon wurin ɗaukar hoto, sauran a zuba tsakuwa a dasa itace. Mai son hujja ya zagaya gari. A 2018, da aka yi bikin ranar Jamhuriya, 18 ga Disamba, a nan da sunan Zinder Sabuwa, an yi wa wurare da dama kwalliya. Ya je ya duba da idonsa abin da ke raye yau cikin shuke-shuken gari, ya tambayi wa ke ba shi ruwa.

Garka

Ita ce ta fi shiga rai, don ana ci. Wanda ya san garakan Miriya, ko dabinon Gidimuni, ko raken kwarin Korama wajen Matamaye da Magarya, ya san abin da ƙasar Damagaram ke iyawa. Sai dai duk wuraren nan abu ɗaya ya haɗa su: ruwa yana kusa, ko a tabki ko a rijiya marar zurfi. Sabuwar unguwa a kan tudu ba ta gaji wannan ba. Garka mai murabba'in mita 500 kacal, da sanyi ma, lokacin da rana ba ta shanye ruwa sosai, tana neman kamar lita 2,500 a yini, jarka 100. Idan da kuɗi ake sayen ruwan, salatin kasuwa ya fi arha.

Labari yana canzawa idan filin yana bakin tabki. Garinmu cike yake da su, wasu kwari ne na asali, wasu kududdufan da aka ɗebi ƙasar gini. Daga ƙarshen damina har zuwa lokacin da ruwan zai janye, ana iya fitar da salati, kabeji, tumatir da albasa, ga zogale da yakuwa a gefe. Ƙungiyar mata mai asusu da shugabanci nagari za ta iya juya wannan ya zama kuɗin sabulu da na makaranta, kuma filin da ake aiki a cikinsa kullum ba mai zuwa ya zuba shara.

Abin da ba a cika faɗa a taro ba shi ne garka tana da mai ita. Dole a kewaye ta saboda awaki, dole a raba fangali, wane nan, wance can. Wanda ya shekara biyar yana zuba taki a fangalinsa ba zai yarda gobe a ce na kowa ne ba, ƴaƴansa ma da sun tashi gonar babansu za su kira shi. Sauran unguwa, masu yawa, ba su samu wurin zama ba, ba su samu wurin wasan yara ba. Ga ruwan tabkin cikin gari, wanda ke karɓar duk abin da kwata ta kwaso. Abin da za a dafa da sauƙi, amma salatin da za a ci ɗanye abin dubawa ne. Ga sauro. Ga yara da zurfin ruwa, wanda duk uwar da ke zaune kusa da tabki ta san fargabarsa da damina. Don haka idan za a yi garka, a yi ta a ɓangare guda na filin, a rubuta cewa aro ne na shekara-shekara, kwamiti ya riƙa sabunta shi.

Matasa za su tambayi filin ƙwallo, kuma da gaskiyarsu. Wannan ba ya cin ruwa ko kuɗi, ba kuma sai an zaɓa tsakaninsa da inuwa ba: a bar tsakiya fayau, itatuwa su bi gefe.

Filin inuwa

A koma ga filin nan mai mita 50 da 50. Idan aka bar mita 8 tsakanin itace da itace, zai ɗauki kusan 40. Kowane dashe, a raninsa na farko, lita 10 sau uku a mako ta ishe shi idan an yi masa kwano a gindi an rufe da kara ko busasshiyar ciyawa. Lita 1,200 ke nan a mako, jarka 48, wato kamar 7 a yini. Ciyawa 350, itace 7. Sannan ciyawa ba ta yaye kanta har abada, shi kuwa itacen da ya dace da ƙasar, bayan rani biyu ko uku saiwarsa ta sauka, ya daina jiran kowa.

Jarka bakwai ba ta buƙatar rijiya. Ruwan alwalar masallacin unguwa kaɗai, idan aka gyara wurin aka tara shi maimakon ya kwanta a hanya, zai ɗauki kaso mai kyau. Ruwan wanke hatsi da na ɗauraye kwanuka na gidajen da ke kewaye zai cika sauran, in dai ba mai yawan omo ba ne.

Akwai ma ruwan da ake mantawa da shi. Milimita 400 a kan murabba'in mita 2,500 lita miliyan ɗaya ce, tana sauka kyauta kowace shekara, ta gangara ta tafi. Manoman karkara sun daɗe da sanin yadda ake tsare ta: rabin wata da tassa, wato ramukan da ake haƙa don su tare ruwan sama. A haƙa rabin wata a ƙasan kowane dashe, bakinsa na kallon inda ruwa ke gangarowa, a karkato da ruwan lungun da ke sama ya shigo filin a hankali. Itace ya sha, gidajen da ke ƙasa kuma su samu sauƙi. Bayan daminar 2024, wadda ta kai ga rushewar tsohon masallacin Birni a farkon Satumba, ba sai an yi wa ɗan Damagaram dogon bayani a kan amfanin filin da ke shanye ruwa maimakon tura shi gidan maƙwabci ba. Sharaɗi ɗaya: kada ramin ya yi zurfin da ruwa zai kwana uku a ciki, don kada a noma sauro.

Wa ke amfana? Kusan kowa, kuma ba ƙofa. Tsofaffi da hantsi, mata masu talla da masu kitso, fadar samari da shayinsu da dare, ɗalibai masu bita, zaman suna da na ɗaurin aure da na makoki, waɗanda yanzu sai an tare hanya an kafa rumfa. Aibinsa kuma a bayyane yake. Yana da jinkiri, shekara uku zuwa huɗu kafin a shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinsa. Ba ya kawo ko dala. Idan ba fitila, da dare yakan zama mafakar abin da iyaye ba sa so. Idan ba mai ido a kai, wani zai mai da gindin itace makewayi. Fitila mai aiki da hasken rana guda biyu, da mai shayi ko mai kanti da aka ba wuri a kusurwa bisa sharaɗin ya sa ido ya kuma share, sun fi shinge mai tsada magance wannan.

To wane itace? Nan ne aka fi yin kuskure, don akan dasa abin da aka samu kyauta ne kawai.

Dogon yaro, wanda asalinsa daga Indiya yake, shi ne ya rufa wa titunanmu asiri. Yana saurin girma, yana da ganye duk shekara, dabbobi ba su cika damunsa ba saboda ɗaci, yana jure sara. Idan ana son inuwar farko da wuri, babu kamarsa. Amma kada a cika fili da shi kaɗai, kuma a nisanta shi da katanga da masai da aƙalla mita 5, don saiwarsa mai yawo ce.

Maɗaci sarkin inuwa ne, dogo, mai faɗi, mai tsawon rai, amma yana son ƙasa mai zurfi da ɗan danshi, kuma sai jikoki ne za su ga cikar girmansa. Babban makiyinsa masu saɓar ɓawo don magani. Idan aka zagaye gindin da saɓa, ya mutu a tsaye. Biyu ko uku sun isa, a inda ido ke kai. Cediya da durumi su ne itatuwan ƙofar fada da dandali tun kaka da kakanni, kuma da reshe ake dasa su, ba sai an nemi iri ba: a sari reshe mai kauri da farkon damina a kafa. Inuwarsu mai sanyi ce, sai dai saiwarsu ta fi ta kowa neman ruwa, tana iya tsaga rijiya ko ramin masai, don haka nesa da gidaje ne wurinsu. Tsamiya tana da jinkiri ƙwarai, amma inuwarta a bazara ba ta da na biyu, ga ƴaƴan kunu. Na san akwai waɗanda har yanzu ba sa son zama gindinta ko gindin kuka da tsakar rana saboda abin da aka gada na zancen iskoki. Ba abin dariya ba ne a taron unguwa: idan mata suka ce ba za su zauna ba, an yi asarar wurin, gara a sa ta a gefe.

Inda rami ya nuna dutse kusa, a rage buri. Aduwa da magarya da kandili suna rayuwa inda wasu ke mutuwa, sai dai ƙayarsu ba ta jituwa da ƙafar yaro ko ƙwallo, don haka iyaka ce wurinsu. Kurna tana ba da inuwa da ƴaƴa duka biyu. Bagaruwa ta bakin tabki ce, ba ta damu da ruwa ya kwanta mata a gindi ba, kuma a garin majema da dukawa irin namu ƴaƴanta ba sa rasa mai saye. Mangwaro da gwaiba da lemu a bar su a cikin gida, inda ake wanka da wanki. A fili suna son ruwa mai yawa, yara kuma ba za su bar ƴaƴan su nuna ba. Itacen turare ba na ba da shawararsa ko kaɗan: yana shan ruwa, inuwarsa shara-shara.

Sai gawo, wanda ya cancanci a daɗe a kansa. Shi ne itacen da ke zubar da ganye da damina ya fitar da shi da rani, wato yana ba da inuwa daidai lokacin da ake nemanta, ƴaƴansa kuma abincin tumaki ne. Tarihin baka ya riƙe cewa Sarki Tanimun, wanda ya kewaye Birni da ganuwa a ƙarni na 19, ya sa hukunci mai tsanani a kan duk wanda ya sare gawo. Har yau yana cikin itatuwan da dokar daji ta hana sarewa ba da izini ba. Saiwarsa tana nitsewa ƙasa sosai, saboda haka rairayi mai zurfi yake so, ba kan dutse ba, kuma dashensa daga leda yana da wuyar kamawa fiye da dogon yaro.

Amma sau da yawa ba sai an dasa shi ba. Sabuwar unguwa gonar wani ce jiya. A ƙarƙashin rairayin akwai kututturan gawo da kalgo da sabara da aduwa da magarya, masu rai, suna tohowa kowace shekara awaki suna cinyewa. Abin da manoman Maradi da na kudancin Damagaram suka yi tun daga shekarun 1980, wanda ake kira sassaben zamani, shi ne su zaɓi tsiro ɗaya ko biyu mafi ƙarfi a kan kututture, su sare sauran, su kare wanda suka bari. Da wannan dabara aka ƙiyasta an farfaɗo da wajen hekta miliyan 5 a Nijar, da itatuwa kusan miliyan 200, kuma gonakin Magarya da Matamaye da Miriya suna cikin inda abin ya fi fitowa fili. Tsiron da ke kan tsohuwar saiwa ba ya neman ban ruwa ko na jarka ɗaya, kuma yakan tsere wa dashe a girma. Don haka kafin a share fili, a kira wani tsohon manomi cikin unguwa, ba a rasa shi, a ce: "Baba, zo ka nuna mana abin da za mu bari." Abin kunya ne a ce ƴan birni su tumɓuke abin da ƙauye ya koya wa duniya renonsa, sannan su je neman dashe a leda.

Shinge da takarda

Akuya ta fi fari kashe dashe a cikin gari. Hanya biyu ce. Ko a kewaye filin duka da waya, wanda ke da tsada, ana sace shi, kuma da an huda wuri ɗaya duka dashen sun shiga uku. Ko a kewaye kowane itace shi kaɗai, da tubalin laka da aka jera da ƙofofin iska, ko da ƙaya, ko da guntun waya. Na biyun na fi so: ya fi arha, fili yana nan a buɗe, kuma ɓarnar ɗaya ba ta shafar saura. A kai shi tsayin ƙirjin babba, don akuya tana miƙewa da ƙafa biyu. Idan ana son iyaka mai rai, aguwa tana kamawa da reshe kuma dabba ba ta cin ta, sai dai a ja wa yara kunne a kan madararta, kada ta shiga ido.

Abin da ya fi shinge shi ne a raba itatuwan gida-gida. Wannan na gidan Malam wane, wancan na gidan Hajiya wance, da suna, kowa ya sani. Itacen kwamiti yakan mutu a watan Afrilu ba wanda ya ji kunya, amma wanda ake kira da sunan gida, uwargida ba za ta bari a ce nasu ne ya bushe ba. Shi ya sa kwamitin da babu mata a ciki bai fara aiki ba tukuna: su ne ke gida da rana, su ne ke da ruwan ɗauraya, su ne kuma suka iya riƙe asusu.

Duk wannan bayan takarda ne. Mai unguwa ya jagoranci mutum uku ko huɗu zuwa ma'aikatar magajin gari, a ga taswirar lotisma da ido, a tabbatar filin na jama'a ne, a nemi izini a rubuce na abin da za a yi, a ajiye kofi a hannun mutum fiye da ɗaya. A nemo duwatsun iyaka na kusurwa huɗu, dashen farko kuma a bi iyakar da shi, don fili mai itatuwa jere a gefensa ya fi wuyar gutsura. Malaman daji suna ba da shawara a kan iri, kuma su ne za a sanar idan wani ya zo da gatari.

Idan zan taƙaita wa kwamiti: filin da ke kan tudu, cikin unguwa, ba rijiya, inuwa ce tasa, da tsakiya a buɗe don ƙwallo da taro. Wanda ke bakin tabki, a ba ƙungiyar mata ɓangaren da ke kusa da ruwa aro, a jera bagaruwa a gaɓa, sauran a dasa inuwa. Lambun ciyawa kuwa a bar wa mai jari da ruwansa, a bakin hanya, da wa'adi. Kuma wanda ya fara da inuwa bai rufe wa kansa ƙofa ba: bayan shekara biyar, idan rijiya ta samu, ana iya sa lilo da ƴar ciyawa a ƙarƙashin itatuwan, inda za ta sha ƙasa da abin da za ta sha a rana.

Saura lokaci. Tun 1975 ranar 3 ga Agusta ce ranar dashen itace a Nijar, kuma unguwanni da yawa ita suke jira don a yi taro a ɗauki hoto. A yi taron, amma kada a jira shi. A haƙa ramuka tun watan Mayu ko farkon Yuni, faɗi da zurfi rabin mita, a gauraya ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki a mayar, a gina kewayen tun dashe bai zo ba. Da damina ta zauna a Yuli, ƙasa ta jiƙe da kyau, a dasa da yamma, a yanke ledar a cire ta gaba ɗaya. Kowane mako na damina da dashe ya samu ragi ne a kan jarkokin rani. A ajiye dashe goma a gefe don cike gurbin waɗanda za su mutu, don wasu za su mutu, sannan a rubuta tun yanzu sunan wanda zai zagaya filin kowace Juma'a daga Oktoba zuwa Yuni ya ga wane gida ne ya yi sake.